Ran Dodo a Cikin Hula

Laraba da dare, damina ta biyu da saukar soja daga mulki.

Yau jikoki suka dawo tabarmata da wasan da suka koyo a unguwar Ogba. Su ne mafarauta, ni ne Dodo. Suka jera ƙwallayen dabino bakwai, wai raina ke nan, duk wanda ya sare ni ya ɗauke ɗaya.

Na ce Dodon da aka san saura nawa ya mutu ai akuya ne. Na hana ɗauka.

Jikata Hadiza ta ce, "Kai tsoho, ojoro kake yi!" Wato magudi. Suka watse kallon talabijin, suka bar ni da tabarma.

Da safe zan kira su. Na yarda Dodon ya mutu, amma ƙwallayen a hulata za su zauna, ba mai ƙirga su.