Jenin da anka ce ya kashe ka

Yaya Mamman, mi ya hana ka sa ma aikinka wani suna?

Ina gaishe ka, ko da na san ba ka karanta wagga takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya da karatun lakwal.

Na zo Dogon Dutsi tsaron ɗakinka, ban san kowa ba. Da ka faɗi gaban ordinatarka, kwamfutar nan taka, likita ya ce tansiyo ne, hawan jini. Amma Kawu Dari ya sa wani ɗan lakwal ya duba mai sunan darasin da kake shirya ma jami'a, jeni lojisiyel. Yaron ya ce jeni da Faransanci iska ce, wato aljani. Shi ke nan fa. Mutanenmu na ƙauyen Lugu sun ce iska ka rufe cikin na'ura, ba ka yanka mata ko zakara ba, ta ci ka. Na masallacin unguwarku kuma sun ce shirka ka yi. Inna ta bar zuwa rijiya saboda bakin mata.

Na tuna ka ce mini ɗalibanku sun iya lissafi amma ba su iya gina abu tare ba. Kana so tun shekarar farko a koya musu aikin cikin na'ura kamar ginin rumbu, wani na ɗorawa, wani na duba tsaga. Na ce to. Wallahi ban gane ba, Yaya, kunya ta hana ni sake tambaya. Ga shi yau ana zagin ka, ba ni da bakin kare ka.

Kawu ya ce a ƙone ordinatar yau bayan la'asar. Abokin aikinka kuma, wanga da ko gaisuwar mutuwa bai zo ba, ya bugo waya yana neman ta, wai in babu ita za a soke darasin. Sunanka ma bai kama ba. Na san nashi zai sa. Wuta ko ɓarawo, wanne za ka zaɓa?

Ni na zaɓi ɓarawo, ko ɗaliban sun samu. Na naɗe ta cikin zanen Inna, na tura cikin buhun hatsi, in kai mai jami'a. Kawu ba ya yafe mini, na sani.

Dole in tafi yanzu, motar tasha ba ta jira, kuma ga Kawu can yana tara karan hura wuta.

Allah shi jiƙan ka.

Ƙanenka, Ango