Abin da Na Gani Daga Saman Soro

Laraba, bayan isha'i

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba shanyar kuɓewa ke kai ni saman soro ba. Daga can ake hango gonar albasar Modu. Shi nake kallo, littafin soyayya a cinyata ko shafi ba na juyawa.

Yau 'yan sintiri suka tafi da shi. Wai ranar Lahadi an ga wani baƙo yana nuna wa 'yan bindiga hanya. Tun Modu yana yaro yaƙi ya koro su daga Borno, amma har yau baƙo ne. Dagaci ya ce hukuma na son kowane ɗan gudun hijira ya kawo mai tsaya masa. Baba ya ce, "Ba ruwana, wa ya san cikin mutum?"

Ni kuwa na san ranar Lahadin nan. Tun hantsi har la'asar yana dashen albasa, salla kawai ta tashe shi.

Inna ta ce, "Ke Hadiza, lafiya kike dama kunu ba tsamiya?" In na faɗi abin da na sani, za a tambayi yadda na gani, gobe ni ce zancen bakin rijiya. Na kwanta, na tashi. Ko ya ci abinci?

Na rubuta komai a takarda, har sunana. Da safe zan miƙa wa Baba ya kai wa dagaci, in tsaya gabansa har ya gama karantawa.