Ni Zan Ba da Auren Mufida

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
12 ga Maris, 2000

Zuwa ga ƙanena Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka da iyali lafiya a Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Yayarka Talatu ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa.

Saƙonka ya iso, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya ɓata mini rai. Ka ce ranar ɗaurin auren 'yarka Mufida za ka wakilta abokinka Malam Ɗahiru ya bayar, wai don a hutar da ni. Yaushe na ce maka na gaji? A gidanmu uba ba ya ba da 'yarsa, ɗan'uwansa ke bayarwa, ka sani. Yarinyar nan a hannuna ta tashi tun tana shekara shida.

Gaskiya ne ciwon daji ya sa likita ya yanke kusan rabin harshena. Tsire ya fi ƙarfina yanzu. Tuwo sai an kwaɓa shi da miyar kuɓewa, in karkata kai dama kafin ya wuce, ruwa ma yakan sarƙe ni. Yawu na zuba, kullum da hankici a hannuna. Rannan a kasuwar Tarauni sau uku na ce albasa kafin mai kayan miya ya gane, na dawo gida na yi kuka. Amma ciwo ba mutuwa ba ne. Maƙwabciyarmu Morenike, nas ɗin nan, ta ce in riƙa magana a gaban madubi kowace safiya, a hankali. Wata huɗu ke nan ban fasa ba.

Soja sun koma bariki, kowa a garin nan ya sami bakin magana, ni kaɗai za a rufe wa? Na tambayi Mufida ko za ta ji kunyar muryata a gaban dangin miji. Ta ce in ba ni ba, a ɗaga ranar.

Saboda haka ka zo ka zauna a gefena. Da bakina zan ce na bayar. In liman bai ji ba, sai in maimaita har ya ji.

Ka gaishe mini da Hasana da Binta da yara. Talatu na gaishe ku.

Yayanka,
Mukhtar