Mai Hira da Albasa

Maiyama

Yaya Gudiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Yaya Muntari da Rahma, da fatan kuna lafiya. Albishirinki! Littafina ya fito, sunansa Mai Hira da Albasa. Ga guda biyu na ba Sirajo direba ya kawo muku.

Yaya, ashe rubutu wasa ne, sayarwa ce aiki. Na jera su a shagona kusa da fensir da alli. Mata su ɗauka, su jujjuya, su ce in ba su aro. Aro, sai ka ce turmi! Kwalaye sun cika mini ɗaki har wurin shimfiɗa darduma na rasa. Ki taya ni talla wajen matan Aliero, ke ana jin maganarki.

Ƙanwarki, Iklima

Aliero

Iklima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode Allah. Takarda na rubuto don ba na son waya, baban Rahma yana jin komai.

Rahma ta karanta mini littafin. Ba ta kai rabi ba na ce ta ajiye. Mijina ne a ciki. Kin sake masa suna, amma kin bar masa tabon goshinsa. Kin bar rudun bayan gidanmu inda muke jibge albasa, da shekarar da ta ruɓe, hankalinsa ya gushe, ya zauna cikinta yana kiran kowace da suna. Abin da na faɗa miki ina kuka, shi kika kai wa masu buga littafi.

Shi bai san me ke ciki ba, kin san ba ya karatun boko. Ya sa ɗaya a aljihu yana bin majalisa da shi, yana cewa: "Ɗiyata ta rubuta wanga. Ni na riƙe ta, ni ka kai ta makaranta bisa kekena." Mutane su yi ta murmushi, shi kuwa ya ɗauka murna suke taya shi. Likita ya ce abin da zai tayar masa da hankali shi zai dawo da ciwon. Don Allah ki bar littafin nan a Maiyama.

Allah ya kiyaye ki. Yayarki, Gudiya

Maiyama

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na ga takardarki, kuma kin ba ni mamaki. Wane asiri na tona? Rabin Aliero sun leƙa ta katanga sun gani da idonsu, kyauta. Ni don na zuba shi a takarda shi ne na zama mai laifi?

Kuma kin makara. Na ɗauki Jabir, mai maganin basir ɗin nan da ke yawo da lasifika a kan mota. Yana tallata mini ranar kasuwar Jega. Da farko ba mai waiwaye. Tun da ya fara cewa labarin gaske ne, a Aliero aka yi shi, kwalaye suka fara sauka. Yau na yi salla a tsakiyar ɗakina. Wanda ba ya karatu me zai sani? Ki hana shi zuwa Jega, shi ke nan. Kada ki zuba mini ƙasa a ido yanzu da na fara ganin haske.

Ki gaishe da Rahma. Iklima

Aliero

Iklima,

Salama a gare ki, don ita wajibi ce.

Ta yaya zan hana manomi bin albasarsa kasuwa? Ita ce ta farko da ya noma tun da ya samu sauƙi. Na roƙe shi, ya yi dariya, ya sa sabuwar riga.

Sirajo da ya kai shi Jega ya ba ni labarin sauran. Suna sauke buhuna motar Jabir ta iso, lasifika na tashi: "Ku taho ku ji mutumin Aliero da yay yi ma albasa huɗuba! Mai tabo ga goshi! Ba ƙarya ba ta, shina nan da rai nai!" Wani mahauci ya dubi goshinsa ya nuna shi da wuƙa. Jabir ya ga jama'a sun juya, sai ya juyo da bakin lasifikar: "Malam, a gaida muna albasa!" Kasuwa ta ɗauki dariya.

Bai yi faɗa ba. Ya ciro littafin daga aljihu ya tambayi Sirajo: "Wanga da ni ka yawo da shi, shi na?" Sirajo ya juya ya ci gaba da sauke buhuna.

Tun da suka dawo ya shiga rudu ya zauna. Jiya sai da maza suka fito da shi, muka sa wa ɗakinsa kwaɗo. Na tsane ki, Iklima, kuma nono ɗaya muka sha.

Gudiya

Maiyama

Yaya,

Innalillahi. Wallahi na yi kuka. Jabir ya wuce gona da iri, na yi masa faɗa. Allah ya ba Yaya Muntari lafiya.

Sai dai, Yaya, abin da ya faru ya faru. Littafi ya ƙare ƙaf, masu shaguna a Jega suna ta aiko mini wai ina na biyu. Ban san yadda zan fara shi ba. Yanzu da yake cikin ɗaki, me yake cewa? Har yanzu da albasa yake magana? Ko kaɗan ne ki rubuto mini, ba zan sa tabon ba wannan karon.

Ƙanwarki har abada, Iklima

Aliero

Anti Iklima,

Assalamu alaikum. Rahma ce. Inna ta ce ba za ta ƙara rubuto miki ba, amma in ba ki amsa tunda kin tambaya.

Baba ya daina magana da albasa. Ke yake kira. Kullum da safe yana buga ƙofa yana cewa a buɗe mishi, Iklima za ta makara makaranta, kuma a duba ko ta karya kumallo.

Ki sa a littafin.

Na bar ki lafiya. Rahma