Ɗana Ya Ci Kofi Da Mutuncin Amininsa

Assalamu alaikum Anti. Ki agaza mini da shawara, domin zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ina zaune a unguwar Al Rigga da ke Dubai, maigidana yana harkar aika kaya Kano. Ɗana Hadi yana cikin ƙungiyar muhawara ta jami'arsu. A tsarinsu ƙuri'a ake jefawa, kowa ya kare ɓangaren da ya faɗo masa, ko da bai yarda da shi ba. A zagayen ƙarshe aka haɗa shi da amininsa Zainul Abideen, ɗan Indiya, wanda mahaifiyarsa ta yi jinyata lokacin da aka yi mini tiyata. Ƙuri'a ta ɗora wa yaron kare ra'ayin tsaurara wa baƙi samun biza. Da Hadi ya ga hujjojinsa sun ƙare, sai ya nuna shi a gaban jama'a ya ce ƙyamar baƙar fata ce ke magana da bakinsa. Yaron ya kasa ƙarasa jawabinsa. Aka ba Hadi kofi.

Anti, ni ma na tafa. Na tuna masu gidajen haya da suka ce babu wuri da zarar sun ga fuskata, sai na ji sanyi a raina, alhali na san yaron da ya sha cin tuwo a falona bai cancanci wannan ba. Yanzu bidiyon ya bazu, jami'a ta dakatar da Zainul Abideen ana bincike, mahaifiyarsa kuma ta daina amsa sallamata. Hadi ya ce dabara ce, kowa na yi, kuma ai wariyar ba ƙarya ba ce. A kan sallaya nake tambayar kaina ko ni na shayar da shi wannan ɗaci. In tilasta masa ya janye maganarsa ya rasa kofin, ko in yi shiru?

Wata uwa, Dubai

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da kika gani wajen masu haya gaskiya ne, kuma Hadi ma ya sha nasa, kada ki manta. Amma ciwon da aka ji da gaske ba ya halatta ƙazafi. Duk wanda ya mai da wannan zargi makamin cin gasa, ya rage masa nauyi ranar da wanda aka zalunta zai ɗaga murya.

Kada ki tilasta masa, tuban dole ba ya ɗorewa. Ki zaunar da shi, ki faɗa masa cewa kin tafa kuma kin ji kunya, sannan ki tambaye shi ko ya yarda da abin da ya faɗa a kan amininsa. Idan ya ce a'a, ya je gaban masu binciken ya faɗi haka tun kafin su yanke hukunci. A bainar jama'a ya ɓata shi, a nan zai wanke shi.

Ke kuma kada ki jira shi. Ki je wurin matar nan ki nemi afuwar naki tafin, ko da za ta bar ki tsaye a ƙofa.

Allah Ya sanyaya miki, Ya shirya mana zuri'a.