Sunan da Aka Laƙa wa Baba Mati

Adjamé, ranar Litinin

Zuwa ga Halimatussa'adiya,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na rubuto ne don in na kira ki a waya bakina zai faɗi abin da ba ya janyuwa.

Jiya a kasuwa, gaban rumfata ta goro, Abdurrashid mai atamfa ya ce da ni cikin mutane: "Alhaji Mijinyawa, ashe mahaifinku ɗan gurguzu ne?" Aka yi dariya. Ɗansa yana ajinki a lise, makarantar sakandare, shi ya kawo labarin gida. Wai kin tsaya gaban yara kin kama sunan Mati, ubana, uban uwarki, kin haɗa shi da mutanen da suka ce babu Allah.

Rigimar Amurka da Rasha aka ce ki koyar. Ina ruwan gidanmu a ciki? Ki koma ajin ki ce kuskure kika yi.

Wassalam,
Kawunki, Mijinyawa

*

Treichville, ranar Laraba

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Tsahara. Takardarka ta iso, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ga abin da na koyar. Amurka da Rasha tare suka kayar da Jamus a yaƙin duniya na biyu. Yaƙi na ƙarewa suka fara zargin juna a kan wa zai riƙe Turai, 'yan jari-hujja ko 'yan gurguzu. Tsoron nan ya kama Faransa, ita kuma ta sauke shi a kanmu. Duk baƙin mutumin da ya nemi ƙarin lada, sai a ce Rasha ce ta aiko shi.

Yara suna ta hamma, suna cewa wannan rikicin Turawa ne. Shi ya sa na gaya musu kakana ɗan dako ne a bakin ruwa, ya shiga sandika, ƙungiyar ma'aikata, aka kai shi kaso a Bassam da sunan gurguzu, alhali bai san gabas ko yamma Mosko take ba. Cewa na yi an laƙa masa sunan. Ban ce shi ne ba. Na ma gaya musu bai taɓa barin salla ba, kamar yadda kakata Mama Hajo ta faɗa mini kafin ta rasu.

Ba zan janye ba, Kawu. An zalunce shi, ku kuma kun rufe bakinku shekara da shekaru kamar shi ya yi laifin. Abin kunya ne a gare ku, ba a gare shi ba.

'Yarka,
Halima

*

Adjamé, ranar Juma'a

Halima,

Na amsa gaisuwarki. Ni kike koya wa kunya?

Uwarki tana goye lokacin, ni kuwa da wayona. Da ya fito daga kaso babu kamfanin da ya ɗauke shi, wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba, ba Nasara ne suka karya shi ba. A masallacinmu na Treichville shi ke kiran salla. Da ya dawo, dattawa suka ce ya bari, kada hukuma ta sa wa masallacin ido. In ya shiga sahu, na kusa da shi ya matsa. A makarantar allo "ɗan kwaminis" ake kirana, ina kuka ban san ma'anarsa ba. Wata rana aka yi suna a gidan da ke jikin namu, aka raba goro kowane gida, aka tsallake mu. Uwarmu ta ɗaure kaya a daren, muka ƙetare gada muka dawo Adjamé inda ba a san mu ba.

Shi da bakinsa ya ce kada mu sake ambaton zancen. Ke kuma kin ɗauko shi don yara su daina hamma.

Kada ki tako gidana sai na neme ki.

Mijinyawa

*

Treichville, ranar Asabar

Kawu,

Ina gaisuwa. Na karanta sau da yawa, na yi kuka. Maganar masallaci ban taɓa ji ba. Na yi laifi da ban nemi izininka ba, ka gafarce ni.

Amma ƙarya ba zan yi wa yara ba. Idan na ce kuskure ne, na tabbatar wa Abdurrashid cewa akwai abin ɓoyewa. Ina da ajin ranar Alhamis da safe. Ka zo ka faɗa musu da bakinka, ko ka ƙaryata ni a gabansu. Duk wanda ka zaɓa, zan zauna in yi shiru.

'Yarka,
Halima

*

Adjamé, ranar Talata

Halima,

Zan zo. Ba don na huce ba.

Faransancina na kasuwa ne, da Hausa zan yi magana, ke ki fassara, kuma kada ki rage ko kalma ɗaya. Zan kama sunayen dattawan nan ɗaya bayan ɗaya. Na uku a cikinsu mahaifin Abdurrashid ne. Ki sa jikansa a layin gaba.

Maganar zuwa gidana tana nan yadda na faɗa.

Wassalam,
Kawunki