Shekara Huɗun Da Ka Zaftare

Zuwa ga maigidana, Baban Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, in dai kana inda gaisuwa take isa. Ni ce Falmata. Muna nan unguwar Galtimari, a ɗaki biyun da ka bar mu.

Jiya kamfanin fanshonka ya turo saƙo a tsohuwar wayarka, wai suna taya ka murnar cika shekara hamsin. Dariya na yi, har Yagana ta tsorata. Hamsin! Ni da na san hamsin da huɗu gare ka.

Ka tuna ranar da ka shigo da fom kana washe baki? Ban da abin da ake yankar wa kowa a albashi, ka sa a riƙa ƙara yankar wani abu ana zubawa a asusun fanshonka, wai kuɗin da ya kwanta can haraji ba ya taɓa shi. “Ina cika hamsin zan ajiye alli,” ka ce, “in kama shagon atamfa a Kasuwar Kwastam, ke ce mai karɓar kuɗi.” Na yarda. Shekara goma sha ɗaya muna cin miya ba nama sai ranar Juma'a. Na ɗinka huluna har allura ta fara ɓace mini a ido.

Abu ɗaya ka manta, kai mai lissafi. Da za a ɗauke ka aikin koyarwa, ka je kotu ka yi rantsuwar shekaru, ka zaftare huɗu, kamar yadda duk abokanka suka yi don a daɗe ana cin albashi. Ranar da ka cika hamsin ɗinka na gaskiya, ka sa sabuwar shadda ka tafi ofishin fansho. Suka duba kwamfuta, suka ce Malam da saura. Ka dawo ka zauna bakin ƙofa, ko takalmi ba ka cire ba. Can ka ce huɗu ai ba yawa.

Bayan wata biyar aka tura ka makarantar ƙauyen da aka sake buɗewa. Na ce kada ka je, kowa ya san 'yan ta'adda na tare hanyar nan. Ka ce in ka ƙi za a tsayar da albashi, abin da kake tarawa ya tsaya. Ranar Litinin ka hau mota. An ga motar a ƙone, an ga gawar direban. Kai har yau ba wanda ya ce mini ga ko hularka.

Ina jin haushinka, wallahi ina ji. Da ka bar shekarunka yadda Allah ya ba ka, da yanzu kana shago kana yi mini faɗa a kan canji.

Yagana ta samu makarantar koyon aikin jinya, ƙarshen watan nan za a rufe biyan kuɗin. Na je ofishin fanshon sau uku. Maganarsu ɗaya ce: ko mai asusu ya zo da ƙafarsa, ko a kawo takardar kotu cewa ya rasu. Shekara uku da rabi ina ƙin yin takaba, ina wanke shaddar nan ina gogewa. 'Yan'uwanka sun gaji da ni.

Gobe da safe zan je kotun nan da ka je. Kai ka rantse ka rage huɗu, ni zan rantse in rage maka duk sauran.

In kana raye, Modu, ka yafe mini. Ka zo ka ƙaryata ni a gaban alƙali, na yarda a ɗaure ni. In kuwa gaskiya zan faɗa, Allah ya sa ba ka sha wuya ba, ya ba ka hutun da ka yi ta tara wa kuɗi.

Matarka, har zuwa gobe da safe,
Falmata